Tambaya da Amsa: An yi wa laftof fomat sau biyu, har yanzu tafiyar hawainiya take

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda zafin bazara ya kankama saƙonnin da ke shigo min kusan kuka ɗaya ne, laftof ta yi nauyi, fanka tana ihu, batir ba ya kai ko'ina, to na ga gara in kwaso guda biyar da suka shafi yadda kwamfuta ke raba wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin komai, wuta in amsa su a zama ɗaya. Na rage tsawon wasu saƙonnin kaɗan amma maganar ta masu ita ce.

TAMBAYA: Slm Malam da fatan kana lfy. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe ina zaune a Yelwa nan Bauchi. Laftof ɗina Dell Latitude E7470 ce 'yar Beljiyam, Core i5, ram 8 da SSD. Da kam tana gudu lafiya lau amma wajen wata biyu kenan ko Word na buɗe sai na zauna jira, Chrome kuwa ba a magana. Na kai wa mai gyara ya yi fomat ba ta canja ba, na koma ya sake yi yanzu ya ce wai sai na ƙara ram. Abin da ya ɗaure min kai in na zare caja sai ta ɗan warware in na mayar sai ta koma, kuma batir ma wani lokaci ba ya hawa. Wlh furojet ɗina ne a ciki ga difens ya matso, dan Allah a taimaka.
Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba da sa'ar difens. Kar ka sayi ram tukuna, riƙe kuɗinka. Kai da bakinka ka faɗi ciwon, ka ce in ka zare caja tana warwarewa in ka mayar ta koma. Ram ba ya ƙaruwa don an zare caja, Windows ma ba ta gyaruwa da hakan, don haka fomat biyun nan, wato goge Windows a sake saka ta, an bar jaki ne ana ta dukan taiki, kuma wallahi abin yana ci min rai don ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ga ɗalibi ya biya kuɗin fomat, ya rasa babi guda na furojet, a kan matsalar da ba a Windows take ba sam.

Kafin komai, daren yau ka kwafe furojet ɗin a filash ka kuma tura wa kanka ta imel. Sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka taɓa CPU, ka nemi inda aka rubuta Speed. Irin taka yawanci furosesa i5-6300U ne a ciki, gudunsa na asali 2.4 GHz, in aiki ya taso yana iya hawa har 3.0. Bar shafin a buɗe ka kunna bidiyo a Chrome ka zuba wa lambar ido. A lafiyayyar kwamfuta lambar nan ba ta zama wuri ɗaya, hawa take tana sauka kamar numfashi, in ba a komai ta sauko wajen 1 ko ƙasa, da ka taɓa wani abu ta yi tsalle ta wuce 2.5, kuma haka aka ƙera ta da gangan don ta lallaɓa batir ta rage zafi. Inda matsala take shi ne ka ga ta kafe a 0.79 ko 0.39 ko me ka buɗe ba ta motsi. In ka ga haka ka zare caja idonka na kan lambar. Ina kyautata zaton nan take za ka ga ta tashi.

Furosesa ba ya kafewa a ƙasa haka kawai, wani ne ya ba shi umarni, ko setin Windows, ko zafi, ko kuma madabod ɗin kanta, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kai, in ba ta yarda da wutar da ke shigo mata ba. Taka ta ƙarshen ce.

Ɗauki bakin cajarka ka leƙa cikin ramin, za ka ga wata siririyar allura a tsakiya. Mutane da yawa suna ɗauka ita ce ke kai wuta, a'a, wutar ta jikin bututun take bi ciki da waje, allurar nan ta magana ce, ta nan ne caja ke gaya wa kwamfuta cewa ni ta Dell ce kuma wat 65 nake bayarwa. To in allurar ta lanƙwashe ko ta karye, ko siririyar wayarta ta tsinke a ciki saboda yadda muke nannaɗe caja da ƙarfi mu cusa a jaka mu hau acaɓa, ko kuma tun asali cajar jabu ce ba a sa mata ɗan abin da ke ba da bayanin ba, sai kwamfuta ta rasa sanin ƙarfin wanda ke ba ta wuta, sai ta ja kaɗan don kar ta ƙona shi, ta danne furosesa ƙasa, sau da yawa ma ta ƙi cajin batir ɗin, kamar dai yadda ka ce taka tana yi.

Ba sai ka yarda da ni a baki ba, kwamfutar za ta gaya maka. Kashe ta, jona caja, kunna ka riƙa danna F2 har BIOS ya fito, wato shafin setin kwamfutar kanta da ke zuwa kafin Windows, ka shiga Battery Information ka duba AC Adapter. In ka ga 65W cajar ta gabatar da kanta. In ka ga Unknown shikenan an kama ɓarawo. Asali ma tun wajen kunnawa ya kamata ta tsaya ta yi maka gargaɗi da Turanci cewa ba ta gane ƙarfin cajar ba ka danna F1 in kana so ka ci gaba, amma akwai wani wuri a BIOS mai suna Adapter Warnings da wasu masu sayarwa ke kashewa don kar kwastoma ya dawo da ƙorafi. Kashe gargaɗin ba ya hana dannewar, bakin kawai aka toshe mata. In ka tarar an cire alamar ka mayar.

Daga nan ka aro caja wajen wani ɗan ajinku mai Dell wanda tasa ke aiki daidai, minti biyar ya isa. In da tasa BIOS ya rubuta 65W kuma lambar Speed ta fara hawa da sauka, caja kawai za ka saya. In da tasa ma Unknown ne to ramin cajin laftof ɗinka ne ya samu matsala, kuma a yawancin Latitude ramin a kan 'yar waya yake, ana zare shi a sa wani ba sai an taɓa dalma ba, ba aiki ne mai tsada ba. Sai in an canja ramin ma bai yi ba sannan a fara zargin madabod.

Ranar da za ka sayi caja, ko kasuwar Wunti za ka je ko ina, ka tafi da laftof ɗin a jaka. Ka karanta bayan cajar, 19.5V da 3.34A, in ka ninka su wat 65 ne zai fito, amma rubutu kowa na iya bugawa, don haka ka jona a gaban mai shagon ka shiga BIOS ka gani da idonka kafin ka zaro kuɗi. Kar ka dogara da nauyi a hannu. Na taɓa fasa wata da aka kawo min ta mutu bayan sati uku, a hannu da nauyinta kamar ta gaske, da na buɗe sai ga guntun ƙarfe an manne shi da gam a jikin robar, allurar tsakiyar kuma ba a haɗa ta da komai ba, tsaye kawai take. Masu HP ku ma wannan maganar ta shafe ku, cajarku mai shuɗin baki da babbar ta da duk suna da allurar. Game da wutar da ke zuwa lo kuwa, cajar gaskiya an rubuta mata 100 zuwa 240V a baya, tana jure wa sauka fiye da yadda ake zato, don haka ba nan nake fara dubawa ba.

Na san in ka bincika intanet za a ce ka sauke wata manhaja ThrottleStop ka cire alamar da ke kan BD PROCHOT, kuma gaskiya ne a kwamfutoci da yawa masu Intel nan take gudun ke dawowa. BD PROCHOT ɗin wata hanya ce da sauran sassan madabod ke bi su ce wa furosesa sassauta akwai matsala, cire alamar yana nufin ka ce masa ya daina saurarensu. Ni ina amfani da manhajar don bincike, akwai maɓallin Limits da ke nuna wa ke danne furosesa a wannan lokacin, kuma yana da amfani sosai. Amma ka toshe kunnen furosesa alhali cajar jabu ce a jiki, ka sa shi ya ja wuta iya ƙarfinsa daga abin da ba ka san me ke cikinsa ba, wannan ban ba ka shawara ba, caja ta fi madabod arha nesa ba kusa ba. In aiki ya matse ka kafin ka samu kuɗi, ka ari cajar abokinka ka cika batir ka yi rubutunka a kan batir.

TAMBAYA: Malam ina wuni, ya aiki ya iyali. Ina da shagon taifin da fotokwafi a Tudun Wada nan Gombe, da HP ProBook 450 G5 nake aiki Core i5. Da safe kam lafiya ƙalau amma da an yi azahar sai fanka ta fara ƙara kamar injin niƙa, gefe guda ya yi zafi har ba na iya ɗora hannu, sai ta fara jan ƙafa, sau biyu ma ta mutu da kanta ina tsakiyar aikin mutane. Yaron da ke taya ni ya shiga setin ya sa komai a 100 wai don ta yi ƙarfi amma ni gani nake abin ƙaruwa ya yi.
Wata mai shago, Gombe

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ganinki daidai ne, ƙaruwa ya yi. Yaron da kyakkyawar niyya ya yi amma gyaran gangar Auzinawa ne, don kwamfutarki ba ƙarfi ta rasa ba, iska ta rasa.

Furosesan Intel na laftof irin naki iyakarsa digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas. Da ya kusanci nan sai ya rage gudu da kansa don ya huce, jan ƙafar da kike gani kenan, in ragewar ba ta isa ba sai kwamfuta ta kashe kanta gaba ɗaya kar ya ƙone. Da safe iskar shago da sanyi-sanyinta shi ya sa take jurewa, amma azahar ɗin Gombe a watan Maris da Afrilu da zafi ke kai wa 40, ga kwanon rufi, ga injin fotokwafi yana fitar da nasa tururin a gefe, iskar da fanka ke jawowa ma da zafinta take shigowa. Ki sa a sauke miki Core Temp ko HWiNFO, duk kyauta ne, ki duba lambar da ƙarfe 9 na safe ki sake dubawa ƙarfe 2. In kina taifin kawai amma kina ganin 90 zuwa sama ba sai an yi dogon bincike ba.

Fara da warware abin da yaron ya ɗaura. Control Panel, Power Options, ki zaɓi Balanced, ki danna Change plan settings, sai Change advanced power settings, ki gangara ƙasa zuwa Processor power management ki buɗe shi. Minimum processor state ki mayar da shi 5, haka yake zuwa daga kamfani. Sa shi a 100 kamar mutum ya tsaya a gosulo ne yana ta murza totur, ba ya gaba amma inji na ta ɗaukar zafi mai na ƙonewa. In kin ga System cooling policy a wurin ki sa Active, ma'anarsa fanka ta fara tashi kafin a rage gudu, Passive kuma a fara rage gudu kafin a tada fanka.

Sai Maximum processor state, a nan akwai wata dabara da nake ba masu shago irin naki duk bazara. Ki sa shi 99 maimakon 100. Wannan ɗayan da aka cire, a yawancin kwamfutocin Intel yana kashe abin da suke kira Turbo Boost, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi in ya ga sarari. In naki i5-8250U ne kamar yawancin irin wannan ProBook ɗin, gudunsa na asali 1.6 GHz ne amma da Turbo Boost ɗin yana hawa har 3.4, kuma wannan hawan shi ne ke kawo mafi yawan zafin. Zan gaya miki gaskiya, ba kyauta ba ne, za ki rasa wani abu na sauri, mai haɗa bidiyo ko zanen gini zai ji a jikinsa, amma Word da Excel da firintin ba sa bukatar 3.4, kuma gara 1.6 da ke tsaye daga safe har magariba da 3.4 da zai kashe miki kwamfuta kina shafi na 40 na aikin wani. In damina ta sauka gari ya yi sanyi ki mayar 100.

Duk wannan fa lallashi ne, ainihin maganin a buɗe ta a share. A cikin laftof akwai bututun jan ƙarfe da ke ɗauko zafi daga kan furosesa ya kai shi wasu siraran haƙoran ƙarfe kamar na mataji, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu zuwa waje. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu a bakin haƙoran nan take taruwa, naki kuma har da garin takarda da na tawadar injin fotokwafi. Kwanan baya na buɗe wata a gaban mai ita, na ɗaga fanka na sa tsinke na jawo, sai ga abu ya fito a dunƙule kamar an yanko bakin bargo, ja-ja kalar ƙasarmu da zare-zaren tufafi a ciki, ta rufe hanyar iskar kaf ba ko ƙofar allura. Daga waje ba a ganin komai, ragar tas take. Da na cire bututun kuma man da ke tsakaninsa da furosesa, wanda masu gyara ke ce wa fes, ya bushe ya farfashe kamar ƙanzo. Muka goge da sifirit muka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa muka rufe, zafin da ke wuce 95 ya dawo wajen 70 a kan aiki iri ɗaya.

Ki kai wa mai gyaran da kika yarda da shi ki zauna a yi a gabanki, ki ce a ciro fankar a share bayanta, ba a tsaya daga waje a hura bulowa ba, don hurawa daga waje tura dattin ciki take yi, kuma in za a hura a riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalace. Ki ga fes ɗin da za a sa da idonki a cikin sirinjinsa. Na sha buɗe kwamfuta in tarar an shafa man goge baki, yana bushewa cikin kwanaki ya zama alli, kar ki yarda. Bayan nan ki ɗaga bayanta da ɗan katako ko murfin kwalba biyu iska ta samu hanyar shiga ta ƙasa, ki matsar da ita daga kusa da injin fotokwafi, in kin kai ta gida kuma ban da kan katifa ko darduma.

TAMBAYA: Salam. Sabuwar Lenovo na saya mai Windows 11, na duba Power Options babu High performance sai Balanced kaɗai, ko Windows ɗin ba orijinal ba ce? Kuma in na rufe ta na sa a jaka sai in ciro ta da zafi batir ya zube.
Daga Pantami, Gombe

AMSA: Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, ba ruwan wannan da orijinal ko jabu. Sababbin laftof da yawa suna amfani da wani salon barci da ake kira Modern Standby, kuma a irinsu Balanced kaɗai Windows ke nunawa, an mayar da zaɓin wani wuri. Shiga Settings, System, Power & battery, ka nemi Power mode, a nan za ka ga Best performance da Best power efficiency. In kana so ka tabbatar buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /a, in ka ga S0 Low Power Idle a sahun farko to irinta ce.

Zafin jakar ma daga nan yake, don wannan barcin irin na waya ne, ido biyu take yi, wani ofdet ko direba, wato manhajar da ke tafiyar da wani sashen kwamfuta, na iya tashinta a cikin jaka inda ba iska. In za ka yi tafiya ka kashe ta gaba ɗaya, ko ka shiga Power Options, Choose what closing the lid does, ka sa Hibernate a ɓangaren batir. In babu shi a jerin ka buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta powercfg /h on ka sake dubawa.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni malamin sakandare ne a Azare. Tawa kuma akasin ta mutane ce, in akwai wuta tana gudu, da an ɗauke sai ta yi sanyi kamar ba ita ba, kuma batir da ƙyar yake minti 40. Mu da wuta ba ta zama yawancin aikina a kan batir ne, sakamakon ɗalibai nake shigarwa.
Malami daga Azare

AMSA: Barka kadai Malam, Allah ya saka da alheri kan tarbiyyar yaranmu. Ɗan sassautawa a kan batir dama haka aka tsara, kuma in batir ya sauko 20 cikin 100 Windows 10 tana kunna Battery saver da kanta ta ƙara matsewa. To kai da batir ɗinka minti 40 ne duka, kafin ka gama aji ɗaya ka riga ka faɗa wannan yankin. Amma ka duba Processor power management ɗin da na kwatanta wa Hajiya a sama, kowane layi kashi biyu ne, On battery da Plugged in, na sha tarar da wani ya sa Maximum na On battery a 50 ko ƙasa don wai ya ja batir, shekara ta zagayo an manta. In haka ne ka mayar 100. In ka ga an tattaɓa abubuwa da yawa ba ka san asalinsu ba, buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta powercfg /restoredefaultschemes, komai na wuta zai koma yadda ya zo, sai dai ka sani yana goge duk wani tsarin da mutum ya ƙirƙira da kansa.

Shi batir ɗin kuma ka tambaye shi lafiyarsa. A Command Prompt ɗin nan ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka inda ya ajiye wani fayil, ka buɗe shi a burauza ka nemi layi biyu, Design capacity wato abin da yake ɗauka yana sabo, da Full charge capacity wato abin da yake iya ɗauka yau. A ce misali na farko 45,000 mWh na biyu 14,000, ka ga ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba, ba setin da zai dawo da abin da ya tafi. Kuma batir da ya gaji haka ba ya iya ba da wuta da yawa lokaci guda, wasu madabod suna lura su danne furosesa don kar kwamfuta ta ɗauke ɗif. A nan sabon batir ne magani, kuma shi ma ka gudanar da wannan rahoton a shagon kafin ka biya. Abu ɗaya da nake roƙonka Malam, ka shafa wajen tocfad da ƙasan laftof ɗin, in ka ji ya ɗago ko murfin ya fara buɗe baki batir ne ya kumbura, ka daina caji yau ɗin nan ka sa a cire shi, kar a danna shi kar a huda shi, yana iya kama wuta.

TAMBAYA: Slm yaya. Ina karanta kimiyyar kwamfuta ina zaune Gwallameji. ThinkPad T460 gare ni, da Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 kuma 11 ta ƙi furosesana sai na koma Ubuntu 24.04. Na duba gwamnan furosesa na ga powersave sai na ji tsoro na saka TLP da auto-cpufreq duka biyu, yanzu wani lokaci tana gudu wani lokaci ta kafe ban san wa ke yi ba.
Ɗalibi daga Gwallameji, Bauchi

AMSA: Wa alaikas salam ƙanina, na ji daɗin saƙonka, kuma ka yi dabara, tun 14 ga Oktoba 2025 da aka rufe tallafin nan nake gaya wa masu furosesan Intel 'yan zuriya ta 6 da ta 7 cewa kwamfutarsu ba ta mutu ba, akwai hanya. Sunan powersave ɗin ne ya ruɗe ka kuma ya ruɗi mutane da yawa. Rubuta cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/scaling_driver ka gani, in ya ce intel_pstate to gwamna, wato tsarin da ke zaɓa wa furosesa gudu, biyu kaɗai yake da su, powersave da performance, kuma nasa powersave ɗin ba kafewa a ƙasa yake ba, hawa yake yana sauka gwargwadon aiki kamar Balanced na Windows. Wato tun farko lafiyarta ƙalau.

Yanzu kuma ka tara direba uku a mota ɗaya kowa na jan sitiyari, TLP da auto-cpufreq duk manhajojin sarrafa wuta ne, don Ubuntu dama tana zuwa da nata mai suna power-profiles-daemon, shi ne ke bayan Power Mode da kake gani a Settings, kuma masu TLP da kansu sun ce kar a haɗa su. Sauke biyu ka bar ɗaya. Yi sudo auto-cpufreq --remove, sai sudo apt remove tlp, sai sudo apt install power-profiles-daemon ko da an cire shi a hanya, in systemctl status ya nuna masked ka yi sudo systemctl unmask power-profiles-daemon ka sake kunna kwamfutar. Daga nan powerprofilesctl list zai nuna maka zaɓin da ke akwai, ka bar shi a balanced.

TLP ba abin banza ba ne fa, a ThinkPad yana iya tsayar da caji a 80 don batir ya daɗe bai tsufa ba, mai wuta awa 24 ko mai sola a gida zai amfana. Amma kai da ke Gwallameji kana jiran a kawo wuta ka cika ka tafi lakca, wannan 20 ɗin da za ka bari kana bukatarsa, ni dai ba zan sa maka ba.

Bayan ka share su buɗe Terminal ka rubuta watch -n1 "grep MHz /proc/cpuinfo" ka kunna wani aiki mai nauyi ka ga ko lambobin suna wuce 2000. Ka saka lm-sensors ka rubuta sensors ka ga zafi. In duk da haka ta kafe a 800 ko 400 to ba Ubuntu ba ce, ka koma kan maganar caja da ƙura da na yi a sama, ka kuma gwada wannan, kashe ta, zare caja, cire batir na waje, ka juya ta ka nemi ɗan ƙaramin rami a ƙasa ka danna da tsinken takarda na ɗan lokaci, yana farkar da ɗan guntun da ke kula da wuta a madabod in ya rikice. Ka turo min lambobin da watch ya nuna da caja a jiki da kuma ba caja, da abin da sensors ya ce, sai mu ɗora daga nan a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.